Kashi Saba'in

Sha biyun rana, hawa na huɗu,
takarda a bakin ƙofa,
biro ɗaure da zare
kamar akuyar da aka san halinta.
Darlene ce mai gadin takardar.
Ba ta faɗa, ba ta harara,
lissafi kawai take yi:
kashi saba'in cikin ɗari,
ko wasiƙa ta iske ka a akwati.

Ni ce Rautio, shekara ta biyu a koyon aiki,
sittin da huɗu gare ni.

In ana son sanin inda shidan suka shiga,
a tambayi gado na tara.
Koskela, wanda ya shekara talatin
yana dakon tama a jirgin tafkin Duluth,
numfashinsa ya zaɓi sha biyu saura kwata
ya fara yi masa gardama.
Na'urar ƙuguna ta yi kuka.
A sama ana karatun yadda ake sanar da mutuwa,
ni ina ƙasa, matarsa ta riƙe mini hannun riga
tana tambaya ko ta kira yaran.
Na ce ta kira.
Takardar Darlene ba ta da gurbin wannan.

Na yi fushi, ban ɓoye ba.
Na ce wa Dakta Pellerin, shugabarmu,
mutum ɗaya ba ya hawa dawaki biyu.
Ta ce, miƙa na'urar ga wani, awa guda ce.
Na ce, wa? Kowa hannunsa cike.
Ta dube ni da idon wadda ita ma ba ta kwana ba,
ta ce, to ki zo ko da gangar jikinki ce.

Ran Alhamis na kai gangar jikin.
Kujerar baya, burodi da cuku ya huce a cinyata,
dusar ƙanƙara na lasar taga,
an rage fitila, majigi na huci.
Tsoho Lindqvist, likitan ƙoda,
muryarsa kamar ruwan da ke ɗiga a kwano,
yana ta gishirin jini, gishirin jini,
kaina na sallama da gwiwata.
Na sa hannu na fita.
Da an tare ni a matakala an ce me aka faɗa,
da na rantse ban ji komai ba.

Mako uku bayan nan, ƙarfe ukun dare,
aka turo Madam Beaulieu a kan keke,
ba ta san shekara ba, ba ta san jikarta ba,
gishirin jininta ya yi ƙasa warwas.
Babu babba kusa. Ni ce babba.
Yatsana ya kai kan maɓallin ƙarin ruwa,
zuciya na cewa ɗaga, ɗaga, yi sauri,
sai ɗigon nan ya faɗo a kwanon kaina:
abin da ya sauka a hankali
a hankali ake ɗaga shi,
gaggawa ƙwaƙwalwa take ci.
Na janye yatsa.
Na zauna ina ƙirga awoyi da ita
har tafki ya fara fari.

Kwana huɗu, ta kira jikarta da suna.

Ban ce takarda ta yi gaskiya ba.
Koskela na nan a cikin shidan da na rasa,
kuma da za a maido ranar
a gefen gadonsa za a same ni.
Ban kuma ce ta yi ƙarya ba.
Kunne, ashe, ba ya barci tare da mai shi.

Yau na hau matakala da gudu,
rigata da tabon shayi,
na ja biron har iyakar zarensa.
Darlene ba ta ɗago ba.
Ta ce, sittin da shida.
Na'urar ƙuguna ta yi shiru tukuna.
Na nemi kujerar tsakiya.