Kunnen Hagu na Barira

Tana da shekara uku, a gidanmu na Sheffield,
na kira ta daga bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba.
Na ce taurin kai ne, gadon dangin uwarta.
Uwar ta ce a'a, daga wajenku ta kwaso.
Wata shida muna rabon laifi,
ashe ruwa ne ya kwanta bayan dodon kunne,
mai kauri kamar kokon da ya kwana.
Duk lallashinmu da duk faɗanmu
ta ji su ne kamar mai nutso a tafki.

Ranar aikin ana yayyafin garin nan
da ba ya zuba, ba ya ɗaukewa.
Likita Pemberton ta ɗora bututun kan yatsarta,
bai fi ƙwayar dawa ba, da huda a tsakiya.
Na ce a raina, wannan ɗin?
Shayin da na saya a inji bai gama hucewa ba
aka turo ta, tana barci, baki buɗe.

A hanyar gida ta toshe kunnuwa da tafin hannu,
wai jirgin titi yana yi mata ihu.
Da dare ta tsaya gaban firij, ta ce,
Baba, wa ke gurnani a ciki?
Shekara biyu ke nan firij ɗin yana gurnaninsa.

Sai shekarun auduga da man shafawa kafin wanka,
hular roba a wurin iyo, yara na dariya.
Bututun dama ya faɗo kan matashi wata safiya,
uwarta ta jefa shi a tsohuwar kwalbar turare,
yana nan har yau, in ka girgiza ya amsa.
Na hagu ya yi gardama.
Ya zubar da ruwa hunturu biyu,
aka sake sa wani tana aji ɗaya.

Yanzu sha bakwai gare ta, ta fi ni tsawo.
Jiya suka rufe ta a ɗakin da ba ya jin waje,
maɓalli a hannu, tana farautar ƙananan sautuka.
Takarda ta fito da layi biyu.
Ja ya miƙe abinsa,
shuɗi ya ɗan sunkuya a wuri guda
kamar igiyar shanya da aka rataya wa riga ɗaya.
Akwai tabo, in ji ma'aikaciyar, fari kamar alli.
Ba zai hana ta komai ba,
sai dai a taro ta zaɓi gefen zama.

Sai lokacin na lura:
shekara goma tana tafiya ta haguna,
tana ba ni kunnenta mai kyau,
ni kuwa na ɗauka sabo ne.

An ce kunne ya girmi kaka.
Nata ya makara da shekara ɗaya da wani abu,
har yau ƙafa takan fito mata kafa,
ɓera ya zama bera.
Ban san wa zan tuhuma ba, ruwan nan ko Sheffield,
kuma na daina tambaya.

Ina naɗe takardar ta taɓa kafaɗata.
Baba, sau uku matar nan tana maka magana.
Shekara ashirin da biyu a maƙerar Attercliffe,
guduma na faɗa wa ƙarfe abin da ba a maimaitawa,
toshin kunnen yana aljihu, sabo fil.

Ni ne a ɗakin yanzu, maɓalli a hannu,
ina jiran sautin da wataƙila ya riga ya wuce.
Ta bayan gilashi leɓunanta na motsi,
na karanta su sarai:
taurin kai ne, Baba.
Ba ta faɗi gadon wa ba.