Gwangwanin Haruffa

Disamba ta lulluɓe filin da farin mayafi,
tudun mai jifa ya koma tulin ƙanƙara,
kujeru dubu talatin sun yi jugum, ba mai zama.
Ni kaɗai ce a ɗakin ƙasa,
ni da keken ɗinki, da rediyo mai tari,
da iskar tafkin Erie tana lalube ƙofa.

Can sama, a hawa na huɗu,
masu kwat na ciniki da waya bibbiyu.
Ba su san warin safar kamu ba
bayan zagaye tara a zafin Agusta.
Su lissafi suke gani: shekaru, gwiwa, ragowar albashi.
Ni kuwa takarda ake turo mini,
layi ɗaya, ko gaisuwa babu:
Doreen, a cire sunan lamba sha bakwai.

Brizuela ke nan.
Shekara tara yana tsugune bayan mai duka,
yana cafke abin da wasu suka jefo da fushi,
har yatsunsa suka karkace kamar ɗanyar citta.
Jiya da dare aka ba da shi,
aka karɓo yara biyu da gemu bai san da su ba,
da wani da za a ambata daga baya,
mutumin da ko sunansa ba a tsayar ba
amma an riga an yi masa kuɗi.

A wurin wankin mota labari ya same shi,
daga bakin yaron da ke goge masa gilashi.
Ya kira ni, ba don kuka ba.
Ya ce makon jiya matarsa ta rataya sabon labule,
'yarsu Maite kuma ta samu shiga wasan makaranta,
ita za ta fito a matsayin bishiya.
Ya ce, "Arizonan nan, akwai bishiya kuwa?"
Muka yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora.

Na ɗauki reza.
Ba a yage suna, lallaɓa shi ake yi,
zare bayan zare, kamar cire ƙaya daga ƙafar yaro.
Harafi takwas suka kwanta a kan tebur.
Rigar ta yi fari ko'ina
sai inda rana ba ta taɓa ba,
can sunan yana nan, inuwa ba mai ita.
An ce hanta da jini ba sa rabuwa.
Wanda ya faɗa bai yi hunturu a besbol ba.

Da la'asar wata takarda ta sauko:
an sa hannu, shekara biyar, kuɗin da ya fi ƙarfin bakina.
Vandersloot, harafi sha ɗaya,
sai na lanƙwasa shi kamar baka kafin ya shiga tsakanin kafaɗu.
Na duba tebur.
A tana nan, E tana nan, ga R, ga L,
lafiyarsu lau, wanki ɗaya ya ishe su.
Na ɗora su a bayan baƙo.
Ba wanda zai sani a ranar buɗe wasa
cewa rabin tsohon mai kamu na gudu tare da shi.

Sauran huɗun na jefa a gwangwanin biskit,
inda shekara talatin da ɗaya na mutane
ke cuɗanya ba faɗa:
wanda kafaɗa ta ci amanarsa,
wanda ya tafi Japan bai waiwayo ba,
wanda aka sallama ranar sunan ɗansa.
Z ta fi kowa daɗewa a ciki,
ba kasafai ake neman ta ba.

Fabrairu na zuwa, motocin kaya za su nufi kudu.
Na kashe fitila, na ɗauki jaka.
Waya ta yi ƙara daga hawa na huɗu.
Na ajiye jakar.
Na laluba reza.