Sa Hannu

Bayan la'asar wayar ta yi kuka.
Hannuna duk kitse, na goga a gefen riga.
Lurwanu ne. Can wajensu hantsi bai ko ɗaga ba.
Ya ce, "Baba, mai kamfanin ya sa hannu."

Na ce, hannu a kan me?

Ya ce, "Shekara uku ina zaman aro,
izinina ɗaure da ƙofa guda kamar akuya a turke.
Yau ya rubuta wa hukumarsu yana bukatata,
ba don bana kaɗai ba.
In takardar ta fito, na samu zaman dindindin."

Na yi hamdala har sau uku,
'yan layin mahauta suka taya ni.
Sai da na juya ga gindin sa
kalmar ta tsaya mini a wuya kamar ƙashi.
Dindindin.

Yaron da na koya wa raba haƙarƙari
tun kansa bai kai teburin nan ba,
mai bi na Mai'adua ran Lahadi
yana latsa tozo, yana yi wa dillalai gardama.
Can, in ji shi, shanu a rataye suke zuwa,
ɗari huɗu kafin azahar,
shi kafaɗa kawai yake yanka,
bai taɓa ganin idon dabbar ba.
Jarrabawar Turanci sau biyu tana kayar da shi,
ta ukun ya ci da kyar,
uwarsa ta raba waina ga maƙwabta.

Mai kamfanin ban san fuskarsa ba,
sunansa ma harshena ya kasa ɗauka,
amma na sa shi a addu'ar asuba.
Mutumin da ya tsaya wa ɗanka a baƙon wuri
ai ya wuce a kira shi bare.
Sai dai alƙalamin da ya buɗe masa can
shi ne ya turo ƙyauren nan.
Ummulhairi ta fara ɗinkin tafiya.
Jikata, mai kiran waya Abba,
za ta girma ba ta san ɗanɗanon ruwan Kusugu ba.

Akwai wuƙar kakansa a ƙasan akwati,
mai ƙota ta ƙaho, naɗe cikin tsumma.
Duk jajiberin Sallah nake wasa ta in mayar.

Da magariba ta kawo jiki na ɗaga kai,
ga Ilu yana wanke teburi da toka.
Ɗan Matamaye ne, ya ƙetaro ta Kongolam
cin ranin wata uku.
Damina huɗu ke nan.
Yana kwana a shago kan buhunan gawayi,
bai taɓa rage mini ko tsoka ba,
ni kuwa ban taɓa tambayarsa ba
ko akwai tsohon da ke jiran wayarsa.

Na ce, Ilu, ɗakin Lurwanu na soro ba kowa.
Gobe mu je wurin mai unguwa in shaide ka,
duk takardar da ake nema, da sunana a ƙasa.
Bayan girbi ka ɗauko matarka.

Ya tsaya da soso a hannu,
ruwa na ɗiga a kan silifas ɗinsa.

Wuƙar dai ban ba shi ba tukuna.
Na bar ta inda take.