Gwangwanin Shayi

Jasur, jikana, ajiye wayar nan,
zo ka riƙe mini faranti.
Jiya a hanyar kasuwar Siyob ka tambaye ni
ko na taɓa jin daɗin duniya,
na ce maka kwaɓi yana jirana.
Ba gudu na yi ba.
Amsar ce ba ta tashi ba,
kamar ƙullun da aka kwaɓa a daren sanyi.

Shekara ashirin da biyu ina zura hannu a tanderu
tun ladanin Samarƙandi bai yi gyaran murya ba.
Dubi damtsena, babu gashi ko ɗaya,
wuta ta karɓi kasonta tun ina saurayi.
A kowane burodi goma, kuɗin ɗaya na gwangwani ne,
wani jan gwangwanin shayi mai lotsattsen murfi
da na ɓoye a bayan buhunan fulawa.
Gida nake so, mai bene, mai shuɗiyar ƙofa,
irin na Ergash mai yadi,
wanda in ya gifta sai a rage murya.
Kakarka Oysara ta nemi takalmin sanyi, na ce baɗi.
Ta ce mu je Buhara ta ga ƙanwarta, na ce baɗi.
Baɗi ta yi ta haihuwar baɗi
har furfura ta sauka a gidanmu ba sallama.

Sai aka wayi gari an sake kuɗi.
Na tafi banki da gwangwanina a hammata,
na bi layi tun hantsi har inuwa ta juya.
Yarinyar da ke taga ta ƙirga, ta ɗauki kaɗan,
ta turo mini sauran ba ta ɗago kai ba:
"Baba, waɗannan takarda ce yanzu."

Washegari na zauna a bakin tanderu, ban kunna ba.
Layinmu ya tashi babu ƙanshi.
Oysara ta fito, ɗankwali a karkace,
ta buɗe gwangwanin, ta leƙa, ta dube ni.
Sai ta damƙo benena duka, da ƙofarsa, da matakalarsa,
ta cusa a ƙarƙashin itace,
ta ƙyasta ashana.
"Otabek," ta ce, "yau dai mu ci burodin attajirai."
Ta fashe da dariya har ta dafa bango,
haƙorinta na gaba da ya karye yana waje.
Ni da na zo da kuka a maƙogwaro
ban san lokacin da ya rikiɗe ba.

Mun ci shi da zafinsa, a ƙasa,
da inabi, da shayi babu sukari,
kafaɗarta a jikin tawa,
babanka yana tsintar riɗi da jiƙaƙƙen yatsa.
Ban san ranar ce ba.
Ba a aiko wa mutum takarda.
Sai bayan ta wuce ka ga sawunta a tsakar gida.

Kada ka je ka ce na ce kuɗi banza ne.
Da na sayi takalmin nan.
Hunturu bakwai ta taka ƙanƙara da tsohon,
tana cusa jarida a tafinsa,
kuma Buhara ba ta fi tafiyar yini ba.
Wannan shi ke tashe ni da dare, ba benen ba.
Ergash kuwa yana nan, ƙofarsa ma tana nan.
Ko yana jin daɗi? Ban taɓa tambayarsa ba.
Yana aiko yaro kullum, burodi biyu,
ya ce a zaɓo masa mai ɗan ƙuna.

To, ka ji.
Ba ni da wadda ta fi wannan.
Gwangwanin yana can a kan kanta, riɗi ne a ciki yanzu.
Miƙo mini shi, ka lura da murfin,
wutar ta kai,
kuma ga mutane sun fara tsayuwa a ƙofa.