Baƙon da Tasi'u Ya Kawo

Ranar Talata Tasi'u ya shigo shagona
da filash ɗaure a zaren wuya kamar laya.
Ya ce, "Yaya, ga ɗan ƙari, ka sa wa manhajarka,
shi zai jera maka adireshi a takardar liƙi,
ashirin da huɗu a shafi, ba almakashi, ba ƙorafi."

Ambulan ɗari uku na jirana a kwali,
na ƙungiyar majema, taronsu ya ƙarato,
Malam Ɗayyabu sakatare ya biya rabi
ya ce Alhamis bayan la'asar zai leƙo.

Na kafa shi. Ya nemi izini sau uku,
na ce na yarda, ban karanta me na yarda da shi ba.
Koren layi ya ja ciki kamar hawainiya,
aka ɗauke wuta a tsakiya,
muka tada janareta, muka koma farko.

Da firinta ta yi tari ta tofo shafin fari,
sai ga Ƙofar Wambai ba ƙugiya, an sa mata akwati,
Ɗorayi ta zama alamar tambaya,
Ƙoƙi kuwa rami biyu, kamar bakin tsoho.
Bata kaɗai ta fito lafiya,
ita ma da zai iya, da ya ce ta ɓata.

Wannan da sauƙi.
Baƙon layi uku ya sani: suna, lamba, titi.
Mu kuwa nan ga yadda ake samun mutum:
"Gidan Nasidi mai jima, bayan masallacin ƙasa,
ka wuce mai ƙosai, lungu na biyu,
ƙofar da ke da darbejiya."
Ya yanke shi daidai kan mai ƙosai.
Wa zai kai wa Talatu gayyatar majema?

Na rage haruffa har suka koma ƙwayar gero.
Na ɓata shafi tara. Kowanne da kuɗinsa.

Laraba da dare na ce, to, a sauka lafiya.
Na danna cirewa. Ya ce, "Ka tabbata?"
Tambayar da ba wanda ya yi mini
ranar da na bar keken rubutun babana
a hannun mai gwangwan a Ƙofar Ruwa.
Na daɗe ina kallonta.
Sannan na danna.

Ya tafi, amma bai kwashe kayansa duka ba.
Har yau in na buɗe sabon shafi
gefensa a tsuke yake, kamar ana jiran liƙi,
akwai kuma wani maɓalli a sama, toka-toka,
in ka taɓa shi ba ya amsawa,
takalmin baƙo a bakin zaure.

Alhamis Malam Ɗayyabu ya same ni da biro,
ina bin shafukan da suka tsira
ina ɗora wa kowace ka ƙugiyarta,
ina mai da darbejiya ƙofar Nasidi.
Ya ɗauki ambulan guda, ya nisanta shi da ido,
ya ce, "Wannan cire shi. Ya rasu da azumi."
Ya sa shi a aljihu, bai jefa a kwando ba.

Tasi'u ya ce akwai sabon fitowa, an gyara.
Na ce ya bari tukuna.
Hannuna bai gama hucewa ba.