Ɗinkin Littattafan Malam Labbo

A buhun albasa ya kawo su,
bayan Rima ta janye ƙafarta daga ɗakinsa na Kwalkwalawa.
Goma sha bakwai. Ya zazzage su a bakin rumfata
a hankali, kamar mai sauke marar lafiya daga amalanke.
"Arzika, jar fata nika so.
Kuɗin, sai wata ya mutu."

Ni baduku ne, iyakata zare da basilla,
bokona bai wuce aji biyu ba ya zauna.
Amma mai ɗinke shafi,
ko bai so ba idonsa zai taka layi.

Na farko ƙato ne, kan sarauta da mulki:
wa ya danƙa wa mai sanda sandarsa,
in ta karkace, bakin wa zai ce ta karkace,
talaka bashi ya bayar ko kyauta.
Laka ta liƙe babi na huɗu da na biyar.
Na sa tsinin wuƙa ina lallashi,
sai kalmar adalci ta tsage a hannuna,
"adal" ya bi laka,
"ci" ya tsaya daram a kan takarda.
Na yi dariya ni kaɗai
har Jabbi mai ɗinkin kube ya leƙo ya ce lafiya?

Akwai wani siriri, na waƙoƙi,
ba bango, ba sunan mai shi, ruwa ya wanke.
Kukan itatuwa yake yi:
gawon da ya koma gawayi,
giginyar da ta zama azara,
tafkin da aka cike aka kafa gidan mai.
Da ya iso kan bagaruwa na ajiye basilla.
Wannan baitin ba sai an fassara mini ba.
Da, bayan gari muke tsinto ta a riga,
yau majema sai sun jira motar nesa,
tiya ɗaya ta fi ƙarfin jima.
Jar akuyar da zan sa wa littafin nan fatarta,
mahauci ya ce leda ya tarar cikinta,
baƙa, a murɗe, ta kusa cika ƙwarya.

Ran Laraba Nomau ya zo gyaran takalmi.
Albasarsa kadada guda ta kwana ƙarƙashin ruwa.
Ya ɗaga ƙaton ya auna a tafin hannu
kamar mai tayin rago.
"Wanga duk magana ta?
To duba mini, akwai inda an ka ce
na sama ya faɗa ma na ƙasa
kafin ya saki ruwa cikin dare?"
Na duba. Wallahi na duba,
har aka kira la'asar ina juya shafi.
Na ce, wataƙila yana cikin waɗanda laka ta riƙe.

Kwana ashirin da ɗaya.
Na goge, na shanya a inuwa, na danne da dutsen niƙa,
na ja zare ta ƙashin bayan kowanne.
Shafi tara sun ƙi rabuwa,
haka na ɗinke su da lakarsu.
Cikin ɗaya ƙwayar shinkafa ta tsira,
farin gashi guda, ta lanƙwashe ta bushe
daidai kan layin da ke zancen haƙƙin gobe.
Ban cire ba.

Malam Labbo ya shinshina fatar, ya buɗe, ya daɗe.
"Bar su," ya ce, "gulbi ma ya yi nasa sharhi."
Ya biya rabi.
Siririn ya tura mini da yatsa, a bakin sauran.

Yana nan ƙarƙashin buzuna.
Takalmin Nomau ma yana nan,
na gama shi tun ran Juma'a,
bai zo ba.