Lilon Bakin Ƙofa

Daga Sabon Gari na rungumo shi a kwali,
gwanjo ne, amma sifirin bai gaji ba.
Takardar bayani da wani baƙon harshe,
ni da Sa'ade muka juya ta sama, muka juya ta ƙasa,
zanen kaɗai ya yi mana Hausa.

Maƙalinsa na son ƙofa mai leɓe,
tamu ta Gyallesu kuwa sumul take kamar goshi.
Na kira Barau mai walda,
ya huda, ya dasa ƙarfe, ya ɗaure noti,
ya ce, "A gwada kafin a sa ɗan mutum."
Muka rataya masara tiya shida,
buhu ya yi ta rawa, bai faɗo ba.

Iya na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.
"Bakwai na goya a bayan nan,
ban taɓa rataye ɗa ba
kamar ƙwarya a ragaya."

Jafaru, wata shida, wuya ya tsaya.
Ƙafa ɗaya ta shiga, ɗayar ta ƙi,
sai da lallashi.
Na rage igiya, na ƙara, na sake ragewa,
har yatsu kaɗai ke shafar siminti.

Shiru.
Ya dubi uwarsa. Ya dubi ƙasa.
Babban yatsa ya dangwali daɓe,
daɓe ya rama,
sai ga yaro a sama!
Ya wage baki zai yi kuka,
dariya ta riga kukan fitowa.

Tun ranar ɗakinmu ya yi mai gadi.
Mai shiga ya tsaya, mai fita ya jira,
shayina ma ta taga ake miƙo shi.
Sa'ade ta samu hannu biyu,
ta cika shafi uku na aikinta na Kongo,
yawu na ɗiga, ƙarfe na ƙiiƙi.

Iya ce ke tsaron agogo,
ita da ta ce babu ruwanta.
"Kwata ta cika. Ku sauke min shi,
ƙashin bai nuna ba."
Ta saɓa shi a baya, ta ja majanyi,
ƙafafunsa na ta harbin iska a ƙugunta.

Na leƙo daga zaure ɗazu:
lilo na reto shi kaɗai,
tsohuwa na tsakar gida, ba ta san ana kallo ba,
tana ɗan dangwale, tana ɗagawa,
da gwiwoyin nan da take kuka da su,
ana ƙyaƙyatawa a bayanta.